Daminarmu da Tekun da Ba Mu Taɓa Gani Ba

A bayan ɗakin kimiyya na makarantarmu akwai wani ɗan gwangwani mai mazurari a ka, an kafa shi a fili, nesa da itace da rufin kwano. Shi ne ma'aunin ruwan samanmu. Kowace safiya ta damina, kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji, ɗalibin da ke da aikin makon yakan juye abin da ya taru cikin kwalbar awo, ya rubuta a littafi. Duk wanda ya buɗe tsofaffin littattafan nan zai ga abin da manoma suka sani tun ba a kawo boko ba, wato babu damina biyu da suke daidai da juna. Wata shekara ruwa ya sauka da wuri, ya yi ta zuba har gyaɗa ta fara tsiro a ƙasa kafin a cire ta. Wata shekara kuwa a yi shuka sau biyu, sau uku, rana tana ƙonewa.

Kusan dukan ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne, kuɗin makarantarsu daga rumbu yake fitowa. Idan damina ta lalace mukan gane tun a makon farko na sabon zango, daga yawan kujerun da ba kowa a kai. Saboda haka tambayar abin da ke sa wannan damina ta yi kyau waccan ta ƙi, ba ta jarrabawa kaɗai ba ce. Amsar da masana yanayi suka samo a cikin shekaru arba'in da suka wuce kuma tana da ban mamaki: babban rabon abin yana cikin teku, wanda yawancinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba.

Iskoki biyu

Iskoki biyu ne suke rabon shekara a Afirka ta Yamma. Ta farko tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, busasshiya mai ƙura. Ita ce iskar hunturu, mai fasa leɓe da kawo kaushi. Ta biyu tana fitowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da tururin ruwa. Inda suka yi karo da juna bari mu kira shi mahaɗar iskoki. A watan Janairu mahaɗar tana can kusa da bakin teku, wajen Legas. Daga nan sai ta riƙa bin rana tana hawowa arewa, har a watan Agusta ta wuce Agadas, sa'an nan ta juya.

Abin da ke jan ta ba wani abu ba ne sai bambancin zafi. Ku taka yashi da tsakar rana a watan Afrilu, sa'an nan ku tsoma ƙafa a tafki, za ku ji. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi, ruwa kuwa yana da nawa. Idan bazara ta gasa hamada, iskar da ke kanta takan yi sama, sai iskar teku mai sanyi da laima ta kwararo don ta cike gurbin, kamar yadda murhu yake jan iska ta ƙasa idan wuta ta kama. Ruwan sama ba a daidai mahaɗar yake zuba ba, sai an koma kudu da ita da ɗaruruwan kilomitoci, inda iskar teku ta yi kauri. Shi ya sa Fatakwal take samun fiye da milimita 2,000 a shekara, Jos wajen 1,300 da taimakon tsaunukanta, Kano wajen 800 zuwa 900 a lissafin ƙarni na 20, Agadas kuwa ko 200 ba ta kaiwa. Shamuwa, wadda tsofaffi suke dubawa su ce damina ta ƙarato, ita ma wannan tafiya take bi.

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a aji huɗu. Da mun gama wannan bayani sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in dai ruwa daga kudu maso yamma yake zuwa, don me hadari yake tasowa daga gabas?" Tambaya ce mai kyau, kuma idon yaron bai ruɗe shi ba. Iskar teku tana ƙasa-ƙasa ne. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Iskar ƙasa ce ke kawo laimar, zafin rana ya ɗaga ta ta zama girgije, ita kuma ta saman ta kwashi hadarin ta yi yamma da shi. Hadarin da ya haɗu da la'asar a kan duwatsun Jos ko na Azbin yana iya kwana yana tafiya, yana zubar da ruwa gari bayan gari. Irin waɗannan manyan hadura su ne suke ba ƙasashen bakin hamada yawancin ruwansu na shekara. To, ku lura da abin da wannan yake nufi. Garin da daminarsa ta dogara a kan 'yan hadura ƙalilan, in biyar ko shida suka kuskure shi, shekarar ta tafi.

Wa ya jawo farin?

Iyayenmu sun ga damina mai albarka a shekarun 1950, zamanin da dalar gyaɗa take tsaye a Kano. Daga 1968 ruwa ya soma ja da baya. A 1972 da 1973 aka yi farin da ya karkashe shanu daga Senegal har Habasha, aka ga Buzaye da Fulani sun gangaro garuruwa ba ko akuya. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga na 1983 da 1984, wanda ya fi na farko rashin ruwa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba a tsakiyar shekarun 1980. Masuntan Baga suka wayi gari suna noma a inda dā suke jefa koma.

Da aka tashi neman dalili, sai aka nuna manomi da makiyayi da yatsa. A 1975 wani shahararren masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari fat, ta riƙa mayar da hasken rana sama maimakon ta sha shi, iskar da ke kanta ta daina tashi, girgije ya kasa haɗuwa. Bayanin ya shiga littattafan makaranta, ya shiga rediyo. Mu ma mun koyar da shi shekara da shekaru, mun sa yara sun haddace cewa gatari da akuya ne suka kori ruwa. Yaro ya koma gida hutu yana kallon uwarsa da damin itacen girki kamar mai laifi.

Amma akwai abin da bayanin ya kasa warwarewa. Farin ya kama ƙasashe masu nisan dubban kilomitoci a lokaci guda, da inda mutane suka yi yawa da inda babu kowa. Bugu da ƙari, daga ƙarshen shekarun 1980 ruwa ya fara dawowa, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna bakin hamada yana sake yin kore, alhali kuwa mutane da dabbobi ƙaruwa suka yi.

A 1986 masana uku na ofishin yanayi na Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka jera lissafin ruwan bakin hamada tun daga 1901, suka gwada shi da lissafin zafin ruwan teku wanda jiragen ruwa suka daɗe suna aunawa. Sai suka ga abu ya fito fili. Shekarun da tekunan kudancin duniya da Tekun Indiya suka yi ɗumi, na arewa kuma suka yi sanyi, su ne shekarun farinmu. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta biyu suka yi gwajin da ya ƙara tabbatar da maganar. Suka ba kwamfuta zafin tekunan duniya na kowace shekara daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata kome game da sare itace ko yawan shanu ba, suka ce ta lissafa ruwan sama. Sai ga ta ta fitar da damina mai kyau a shekarun 1950, ta fitar da fari a shekarun 1970 da 1980, kusan yadda aka yi.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Mahaɗar iskoki tana karkata ne zuwa ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. In Atlantika ta arewa ta yi sanyi, ta kudu ta yi ɗumi, mahaɗar ba ta hawowa arewa sosai, sai Katsina da Maraɗi da Damagaram su tsaya a gefen ruwa suna hangen hadari. Me ya sanyaya Atlantika ta arewa a waɗannan shekaru? Masana sun rabu a kan rabon kowane dalili. Waɗansu sun fi ba da ƙarfi ga juyin da tekun yake yi da kansa, ɗumi na shekaru masu yawa, sanyi na shekaru masu yawa. Waɗansu kuma sun nuna hayaƙin farar wuta da masana'antun Turai da Amurka masu ƙona kwal suka riƙa tuttulawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya yi wa tekun inuwa, har sai da ƙasashen suka kafa dokokin tsabtace iska ya ragu. In haka ne, ashe makiyayin da ya rasa garkensa a 1973 ya biya bashin da ba shi ya ci ba, aka kuma bi shi da zargi.

Kada wani ɗalibi ya ɗauki wannan ya ce malamai sun halatta sare itace. Ƙasar da ba ta da ciyawa da itace tana ƙara wa fari tsanani, iska tana kwashe ta, ruwan da ya zubo ba ya shiga cikinta. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin gawo da sauran tsiro a gonakinsu tun daga shekarun 1980 sun ga amfanin abin a rumbunansu. Itace yana taimakon gona ta jure fari. Amma teku ne ya fara kawo shi.

Yaron Peru

Teku ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da irin hannun da yake sa wa daminarmu. Wanda ya fi kusa shi ne na kudu da mu, daga gaɓar Ghana zuwa ta Kamaru. A shekara ta sosai, ruwansa yakan yi sanyi daga watan Yuni, domin ruwan ƙarƙashi yana tasowa sama. Wannan sanyi ne yake ƙara bambanci tsakanin teku da hamada, ya tura damina arewa, har mutanen Legas da Ibadan su sami ɗan hutun ruwa a watan Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar marka. Shekarar da ruwan nan ya ƙi yin sanyi, hadari yakan zauna a bakin teku, kudu ta jiƙe, arewa ta bushe. Haka aka yi a 1984. Bahar Rum kuwa, can arewa da hamada, in ta yi ɗumi alheri ne a gare mu, domin tururinta yana ratso Sahara ya ƙara wa hadarinmu ruwa.

Amma wanda ya fi suna shi ne mafi nisa. Masuntan ƙasar Peru, a gaɓar yammacin Amurka ta Kudu, sun daɗe da lura cewa wajen Kirsimeti wani ruwa mai ɗumi yakan bayyana a bakin tekunsu, kifi ya yi wuya. Saboda lokacin da yake zuwa suka sa masa suna El Nino, wato "Yaron" da harshen Sifaniyanci, suna nufin jariri Yesu. Yanzu ana kiran sunan ne ga babban ɗumin da yake zuwa bayan shekara biyu zuwa bakwai, ya mamaye tsakiya da gabashin Tekun Pasifik.

Ga yadda abin yake. Tekun Pasifik ya rufe wajen sulusin fuskar duniya. A yawancin shekaru iska tana kaɗawa a tsakiyarsa daga gabas zuwa yamma, tana tura ruwan sama-sama mai ɗumi tana tara shi wajen Indonesiya. A gefen Peru sai ruwan ƙarƙashi mai sanyi ya taso, ɗauke da abincin kifi. Idan iskar ta yi rauni, ruwan ɗumin da ta tara sai ya malalo gabas, kamar ruwan kwano da aka karkata aka saki. Girgije kuma bin ruwan ɗumi yake yi. Sai hamadar Peru ta sha ambaliya, Indonesiya da Ostareliya su shiga fari da gobarar daji. A 1972 sana'ar kamun ƙananan kifin Peru, wadda ta fi ta kowace ƙasa girma a lokacin, ta durƙushe. A shekarar nan ce gero ya ƙone a gonakinmu.

Wanda ya fara gano bakin zaren ba ma teku yake dubawa ba. Gilbert Walker, Bature masanin lissafi, ya karɓi shugabancin ofishin yanayi na Indiya a 1904, 'yan shekaru bayan yunwar 1899 da rashin damina ya jawo a can. Ya shafe shekaru yana tattara awon nauyin iska daga tashoshin duniya, har ya ga cewa in nauyin ya hau a gefen Pasifik yakan sauka a gefen Tekun Indiya, in ya sauka can ya hau nan, kamar lilo. Sai a 1969 Jacob Bjerknes ya nuna cewa lilon Walker da Yaron masuntan Peru abu ɗaya ne, teku yana juya iska, iska tana juya teku.

Daga Peru zuwa Kano kusan kilomita 10,000 ne. Yaya abin yake iso mu? Zafin da wannan makeken ruwa yake saki yana ɗumama iskar can sama a dukan ƙasashe masu zafi. Girgijen hadari kuwa yana tashi ne don ya fi iskar da ke samansa ɗumi. In saman ya riga ya yi ɗumi, sai ya zama kamar an kifa wa tukunya murfi, hadari ya haɗu ya watse ba ruwa. Shekarun El Nino na 1972 da 1982 zuwa 1983 sun zo daidai da farinmu. Akwai kuma kishiyarsa, La Nina, wato "Yarinyar", lokacin da gabashin Pasifik yake yin sanyi fiye da kima. A 1988 ta zo, kuma a watan Agustan shekarar ruwa ya fasa madatsar Bagauda a Kano, ya kuma rushe dubban gidaje a Khartum ta Sudan.

Sai dai a yi hattara, kada a mai da abin kamar jadawalin sau. El Nino na 1997 da na 2015 suna cikin mafiya ƙarfi da aka taɓa aunawa, amma ba a ga fari irin na 1984 a ƙasarmu ba, domin Atlantika ta arewa da Bahar Rum sun riga sun yi ɗumi, suna ja ta nasu gefen. Daminarmu kamar shari'a ce da shaidu huɗu ko biyar, wata shekara bakinsu ya zo ɗaya, wata shekara su saɓa.

Ruwan ya dawo, amma da wani hali

Waɗanda suka yi noma a shekarun 1950 suka kuma ga na yanzu sukan ce ruwan da ya dawo ba irin na dā ba ne, kuma awo ya ba su gaskiya. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna cewa haduran nan mafiya ƙarfi sun ninka sau uku a bakin hamada. Sahara tana ƙara zafi da sauri, bambancinta da ƙasashen kudu yana ƙaruwa, hadari yana ƙara ƙarfi. Ma'auninmu yana iya nuna jimla mai kyau a ƙarshen shekara, alhali rabi a cikin kwanaki kaɗan ya zubo, tsakaninsu kuma shuka ta sha rana. Ambaliyar 2022 ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri.

Akwai amfani guda da wannan ilimi ya kawo. Iska tana sauya hali cikin kwanaki, shi ya sa ba mai iya faɗin ko za a yi ruwa ran kasuwa ta wata mai zuwa. Teku kuwa mai nawa ne. 'Yan mitoci uku na samansa suna iya riƙe zafi daidai da dukan iskar da ke kansu har ƙarshen sama, saboda haka in ya yi ɗumi yakan yi watanni a haka. Wanda ya auna teku a watan Maris yana da ɗan haske a kan damina mai zuwa. A kan wannan ne hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, take fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake zaton saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 saboda farin wancan lokaci, tana yin irin wannan aiki don ƙasashen yankin.

Hasashen nan na yanki ne, ba na gonar mutum ɗaya ba, kuma rinjaye yake faɗa, ba alkawari ba. In an ce ana zaton damina gajera, ma'anarsa a nemi iri mai saurin nuna, kada a zuba dukan taki a ruwan farko, kada kuma a sayar da hatsin rumbu da wuri. Manomin da yake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ya riga ya yi rabin wannan lissafi, ko bai taɓa jin sunan Pasifik ba. Abin da ya rage shi ne labarin ya kai gare shi kafin shuka, cikin harshen da yake ji, kuma a ƙauyuka da yawa ɗalibinmu ne kaɗai zai iya karanta takardar ya fassara.

Muna da roƙo ga 'yan aji biyar da za su tafi dogon hutu. Kakanninmu sun sa wa shekarun yunwa suna, kamar Kakalaba ta 1914, wadda ta biyo bayan farin 1913, kuma kowane yanki yana da nasa sunayen. Kowa ya zauna da tsoho ko tsohuwar gidansu, ya rubuto sunayen da suke tunawa, da wanda yake sarauta a lokacin, da abin da aka ci aka rayu, da shekarun da ruwa ya yi yawa har ya ci gona. In kun dawo za mu jera su a allo, gefe guda kuma mu rubuta shekarun El Nino da na ɗumin Atlantika, mu ga nawa ne suka haɗu. A zo da littafi dabam don wannan aiki, kada a yage takarda daga na lissafi.